Baba, Mene Ne Sana'arku?

Yau a kan wata 'yar da'ira za mu yi magana, wadda ta taɓa ba mu kunya a gaban wani dattijo.

Duk wanda ya zana jarrabawar JAMB a kwamfuta ko ya cike fom a intanet ya san ta. Ƙananan da'irori ne a jere, ka taɓa ɗaya ɗigo ya faɗa cikinta, ka taɓa wata ɗigon ya baro ta farko ya dawo nan. Masu haɗa manhaja suna kiransu maɓallan rediyo. Sunan ya samo asali ne daga rediyon tsofaffin motoci mai maɓallan tasha: in ka danna ɗaya ya shige, wanda ke ciki sai ya yi tsalle ya fito, tun da rediyo ba ta kama tasha biyu a lokaci guda.

Mu uku ne, tare muka yi difloma a fannin kwamfuta, kuma a darasin Visual Basic muka fara haɗa su. Ranar farko muka jera maɓallai huɗu a fuska ɗaya: namiji, mace, mai aure, marar aure. Ka danna namiji, ka sauko ka danna mai aure, sai namijin ya goge. Malam ya yi dariya, ya ce duk maɓallan da kwamfuta ta gani a tsakar gida ɗaya, a wurinta 'yan gida ɗaya ne, sai ka kewaye kowane rukuni da nasa firam. A HTML kuwa suna ne yake haɗa su. Waɗanda ka ba suna iri ɗaya sun zama rukuni, abin da kowanne yake aikawa ne ya bambanta. Ka kuskure harafi guda a sunan, sai mutum ya fito namiji kuma mace.

Sharuɗɗa uku aka koya mana. Kada amsoshi biyu su yiwu tare. Kada a rasa gurbin kowa, domin a shafin intanet in an riga an danna, ɗigon ba ya fita, sai dai ya sauya ɗaki. Na uku, a yi hattara da saka ɗigo tun kafin a tambayi mutum. Ƙa'idar HTML ta 1995 cewa ta yi in mai tsarawa bai zaɓi komai ba a cika na farko, daga baya aka bar wannan. Mun haddace, mun ci jarrabawa, mun manta.

A daminar 2022 ruwa ya cinye yankinmu. A cikin Haɗeja matasa suna kwana a kan jinga da buhunan yashi, ƙauyukan Auyo, Kirikasamma da Guri kuwa da yawa sai da kwalekwale. Wata ƙungiya mai son raba tallafi ta nemi wanda zai tsara mata fom a KoboToolbox, a loda a wayoyi a fita ɗaukar sunaye. Muka karɓa da murna. A wannan manhaja tambaya mai zaɓi iri biyu ce: mai da'ira, amsa ɗaya tak, da mai akwati, a zaɓi nawa aka so. Da muka zo kan sana'a muka sa da'ira: noma, su, kiwo, kasuwanci. Don saurin aiki kuma muka ajiye ɗigon a kan noma, muna cewa ai kowa manomi ne.

Rana ta uku muka bi masu ɗaukar bayanai don mu ga yadda fom ɗin yake tafiya. A kan wani tudu da mutane suka yi sansani muka tarar da dattijon, yana ɗinke koma. Muka durƙusa muka gaisa, muka jajanta.

"Baba, mene ne sana'arku?"

Ya ɗago ya dube mu. "A wane wata, 'ya'yan nan?"

Muka zaci raha yake yi. Ya ajiye zaren ya lissafa mana. Da damina gero a tudu, shinkafa a fadama. In ruwa ya cika, kwalekwale da koma, tarwaɗa da karfasa, iyali su banda a kai kasuwar Haɗeja. In ruwa ya ja baya, wake a kan danshin da ya bari. Da rani injin ban ruwa, alkama da tattasai. Awaki kuwa kullum suna nan. Ya ce tun da aka gina dam ɗin Tiga ruwa ya daina zuwa yadda kakanninsa suka san shi, ga kachala ta toshe hanyoyinsa, wanda duk ya dogara da abu ɗaya zai kwana da yunwa. Gaskiya ya faɗa: Tiga tun 1974 take, Challawa ta biyo baya a 1992.

"Shinkafa ta nutse, kwalekwale ya tafi, awaki biyu sun bi ruwa. To, wanne zan ce muku?"

Wayar tana hannunmu, ɗigon yana zaune a kan noma, tun kafin ya buɗe baki.

Da dare muka buɗe bayanan kwana biyun farko. Garuruwan da muka san ƙaurin bandar kifinsu tun muna yara, kusan kowa ya fito manomi. Ba mu da hanyar gane wanda ya ce noma da bakinsa da wanda ma'aikaci ya wuce tambayar saboda caji yana ƙarewa. Kuma da wannan layin za a raba kaya: iri ga manomi, koma ga masunci.

A daren muka gyara. Sana'a ta koma akwati, a zaɓi duk wadda ake yi. Muka ƙara tambaya ta biyu mai da'ira, ba ɗigo a ciki, ba a wucewa sai an amsa: wace asara ce in an mayar muku za ku fi saurin miƙewa? A nan amsa ɗaya ta dace, kuma mai asarar ne ya zaɓe ta. Muka gaya wa masu aikin laifinmu ne, aka koma wasu garuruwan. Wasu hanya ta riga ta yanke. Sunayensu sun tafi a matsayin manoma, kuma har yau abin yana ci mana rai.

Mun kawo wannan nan ne saboda abin da muke gani a rubuce-rubucen da muke karanta wa juna a taron ƙungiya, har da namu. Kishiya ta shigo shafi na farko ɗigonta yana kan mugunta. Ɗan ƙauye nasa yana kan wauta. Ba mu tambaye su komai ba. Akwai inda zaɓi ɗaya ya zama dole, kamar wa yake ba da labarin, in ka haɗa biyu mai karatu ya ɓace. Amma halin mutum irin sana'ar fadama ne, yana da watanni.

Ku ɗauko tauraron labarin da kuke rubutawa yanzu, ku yi masa tambayar da muka yi wa dattijon nan. In ya amsa da kalma ɗaya cikin sauri, a duba ko mu ne muka amsa masa. Muna jiran gyaranku. Allah ya ƙara basira, ya kiyaye mana Haɗeja daga ambaliya.