Ƙibar da aka yi wa murna a gida

A Maraɗi, idan aka ce wa mutum "ka yi jiki", yabo ne. Ana nufin gari ya karɓe shi, ya sami hutu, iyayensa su kwantar da hankali. Da wannan tunanin na sauka Faransa a watan Satumba na 2016 don karatu a jami'ar Paris 8 da ke Saint-Denis, na kama ɗan ɗaki a gidan wani dattijo ɗan Mali a unguwar Clos Saint-Lazare, cikin garin Stains, arewa da Paris.

A gida ban taɓa cin abinci ni kaɗai ba. Kwano ɗaya ne, hannu biyar ko shida. Da rana fura, da dare tuwon hatsi da miyar kuka, wani lokaci kwaɗon zogale. Makaranta kuma a ƙafa muke zuwa, cikin rairayi da rana. A Stains sai na tsinci kaina a zaune: a bas, a aji, a ɗakin karatu, sannan a bakin gado da leda a hannu. Da sanyi ya shigo, rana na faɗuwa kafin ƙarfe biyar na yamma, ba wanda ke marmarin fita yawo.

Gidan cin abincin ɗalibai na CROUS yana ba da abinci mai kyau a kan yuro 3.25 a lokacin, har da ganye da 'ya'yan itace. Amma da rana ne, ni kuwa yunwata ta dare ce. Dokar Faransa ta ba ɗalibi baƙo damar yin aikin awa 964 a shekara, na kuwa sami wankin kwanuka a wani gidan abinci a Paris. Kafin in dawo Stains sha biyun dare ta gota, abin da ke buɗe kawai shagunan "grec" ne, wato burodi cike da yankakken nama da soyayyen dankali, sai lemun gwangwani. Akwai kuma "tacos" irin na Faransa, wanda ya samo asali daga unguwannin gefen Lyon, musamman Vaulx-en-Velin: nama da dankali da narkakken cuku, duk a naɗe wuri ɗaya a gasa. Halal ne, da zafinsa, da arha, yana kuma kashe yunwa har gobe da hantsi. Ɗalibin da ke lissafin kowane yuro ba ya tsallake irin wannan.

Azumin 2017 ya zo a ƙarshen Mayu, ana shan ruwa kusan ƙarfe goma na dare. Daren gajere ne, sai a haɗa buɗe-baki da sahur a cika ciki, a kwanta a kai. Ranar salla na ɗauko shaddar da telan unguwarmu ya ɗinka mini kafin in taso. Rigar ta kama ni a hammata, maɓallin wuya ya ƙi haɗuwa. Haka na sa ta, aka ɗauke ni hoto, na tura gida ta WhatsApp.

Muryar Inna ta dawo cike da farin ciki: "Masha Allah, ɗan nan, ka yi kumatu! Yanzu hankalina ya kwanta." Na saurara har sau da yawa a wannan dare. Gaskiya ta faɗa bisa abin da ta gani, kuma ban so in ɓata mata murna. Amma ni na san daga inda naman ya fito. Kaɗaici ne, da ƙarancin barci, da aljihu marar nauyi. Hawa bene kaɗan sai in tsaya ina haki, a aji kuma gyangyaɗi.

A Amurka sun daɗe suna cewa sabon ɗalibi na ƙara kusan kilo bakwai a shekarar farko. Binciken da aka tattara ya nuna an zuzuta, matsakaicin bai wuce kilo ɗaya zuwa biyu ba, sai dai fiye da rabin ɗaliban ne ke ƙarawa. Abin da ke damuna shi ne a kan wa nauyin ya fi sauka. A Faransa ƙiba ta fi yawa a gidajen masu ƙaramin ƙarfi, Seine-Saint-Denis kuwa, inda Stains take, ita ce jihar da ta fi talauci a babban yankin ƙasar. A cikinta, a Bobigny, Farfesa Serge Hercberg da abokan aikinsa suka tsara alamar Nutri-Score, mai nuna ingancin abinci da haruffa daga A zuwa E, wadda gwamnati ta amince da ita a 2017. Alamar tana da amfani a kanti. Sandwicin tsakar dare ba ya ɗauke da ita.

Wadda ta fara faɗa mini gaskiya wata Hajiya ce 'yar Damagaram, da ke zaune a tsohuwar unguwar gidajen lambu ta Stains, wadda aka gina tun shekarun 1920. Na je gaishe ta bayan salla. Ta dube ni da kyau ta ce, "Ɗana, wannan ba jikin hutu ba ne. Wa ke dafa maka?" Na ce ba kowa, Hajiya. Ta ce, "To daga yau ran Lahadi nan ne gidanku."

Ba ta taɓa yi mini zancen rage cin abinci ba. Tana dai zuba mana a faranti ɗaya da 'ya'yanta, ana hira, ana jiran juna. Ta koya mini miyar kuɓewa da dafa-dukan da za ta kai ni kwana uku, ta ce in riƙa zuwa wurin aiki da ƙullina. 'Ya'yanta suka ja ni zuwa filin shaƙatawa na Georges-Valbon da ke gefen gari, muna buga ƙwallo ko da sanyi. Jiki ya sauka a hankali, barci ya dawo.

A lokacin korona na ga ɗalibai sun yi dogon layi a Paris don karɓar abincin taimako, har a Janairun 2021 gwamnati ta mayar da farantin CROUS yuro ɗaya ga kowane ɗalibi. Cikin layin akwai masu jiki sosai, kuma yunwarsu ta gaske ce.

Yanzu idan yaro ya sauko daga gida zai fara jami'a, tambayata ta farko ita ce da wa yake cin abinci. Ran Lahadi kuma in ɗauke shi mu tafi kasuwar Saint-Denis, in nuna masa masu kuɓewa da alayyafo, da yadda farashi ke karyewa idan an kusa tashi.