Sheƙa Da Awo A Cikin Ɗigon Jini

Duk wanda ya taɓa tsayawa a masussuka a ƙauyukan Gwandu ya san yadda mace ke ɗaga ƙwarya, iska ta yi gaba da ƙaiƙayi, tsaba ta zube. To, kusan haka wata na'urar masana kimiyya ke yi da ɗigon jinin majiyyaci. Akan daddatsa furotin ɗin jinin ya zama gutsattsari, wato feftaid, a ɗora musu cajin lantarki, a kora su cikin bututu mai iskar gas. Dunƙulalle yakan riga bajajje fita, sa'an nan a auna nauyin kowane. Da haka gutsattsari biyu masu nauyi ɗaya ba sa sajewa.

Abin da ake farauta kuwa shi ne alamar ciwon daji tun yana ƙarami. A 1963 Garri Abelev, a Tarayyar Sobiyat, ya gano furotin alfa-fito a jinin ɓeraye masu dajin hanta. A 1964 Yuri Tatarinov ya same shi a jinin mutane. Lalle wannan ya shafi ƙasar Kabi, domin cutar hanta nau'in B da gubar fumfunar gyaɗa da masara na daga manyan musabbaban wannan ciwo.

Sai dai sau da yawa manomin Gwandu ba ya isa asibitin Kalgo ko na Sakkwato sai ciki ya kumbura, idanu sun yi rawaya, an gaji da jiƙe-jiƙe. A sa'an nan kuwa tafin hannun likita ma ya isa ya ji taurin hantar.