Littafin kyauta ma yana da mai shi

Jama'a, duk mai zama a zaurukan WhatsApp na littattafan Hausa ya san wannan roƙon: marubuciya ta tura shafi, ta ce don Allah a yi sharhi, in ba a yi ba za ta daina. Wasu suna ganin tsiya ce ko neman suna. Ni kam ina ganin ladanta take nema, kuma shi kaɗai ne ladan da ya rage mata.

Ku tuna yadda abin yake a da. A shekarun 1990, lokacin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino yake tashe, marubuci shi zai biya maɗaba'a, ya kai wa dillalai a Kano, daga can littafi ya biyo mota ya iso Kazaure da Babura. Mai shagon haya ya sayi kwafi ɗaya, unguwa guda ta karance shi. Ko a lokacin masu karatu sun fi masu saye yawa nesa ba kusa ba, amma dai ana sayen takarda, kuɗi yana komawa gida. Yau takarda ta yi tsada, kasuwar ta koma cikin waya.

Tsarin yanzu kusan ɗaya ne ko'ina. Littafi na farko da na biyu kyauta ake sakin su a Wattpad, Facebook ko WhatsApp, don a tara masoya. Na uku sai a ba da shafuka kaɗan na ɗanɗano, mai son ci gaba ya tura ɗari uku ko ɗari biyar ta banki, a sa shi a zaure na musamman. Akwai 'yar yayata da ke aure a Roni, da babban yatsa take rubuta littafi a waya bayan yara sun yi barci. Littafinta na kuɗi bai kwana uku ba wata daga cikin waɗanda suka biya ta fitar da shi. Na kyautar kuwa, wani ya karanta shi a YouTube yana samun kuɗin talla, ko sunanta bai ambata ba. Da aka yi masa magana, cewa ya yi ai ita ta ce kyauta ne.

To a nan gizo yake saƙar. Kyautar karatu daban, sallama haƙƙi daban. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare rubutu tun daga lokacin da aka rubuta shi, ko a waya ne, ba sai an yi rajista ba. Sannan akwai lasisin Creative Commons, wanda Wikipedia ta Hausa take amfani da wani nau'insa. Marubuci yana iya zaɓar wanda ke cewa: karanta, raba wa kowa, amma ka ambaci sunana, kuma kada ka yi kasuwanci da shi sai da izinina. A 2003 Cory Doctorow, ɗan Kanada, ya saki littafinsa na ƙagaggen labari na farko a intanet da irin wannan lasisi, a daidai lokacin da ake sayar da bugaggensa a shaguna. Lissafinsa shi ne rashin a san ka ya fi a kwafe ka illa. Namu marubutan sun daɗe da gano wannan lissafi, sharaɗin ne ba sa rubutawa a shafin farko.

Sai batun sharhi. "Masha Allah, a ƙaro mana" addu'a ce mai kyau, amma ba ta sayar da littafi. Abin da ke sa baƙo ya ciro kuɗinsa shi ne wani ya faɗa masa me labarin ya ƙunsa, ina ya yi daɗi, ina ya ja da yawa. Muhawarar da su Ibrahim Malumfashi, Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme suka tafka a jaridu kan adabin kasuwar Kano, duk da zafinta, ta taimaka wajen sa duniya ta waiwayi littattafan. Ga Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, har a Indiya aka buga fassararsa ta Turanci a 2012.

Kuma kada marubuci ya jingina da dandali ɗaya. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu, ya rufe a ƙarshen 2023. Ajiye kwafinka, riƙe lambobin masu karatunka.

Mu masu karatu a nan Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, abin da ya rage namu ba shi da wuya. In ka karanta na kyauta, rubuta layi biyar na gaskiya a shafinka, ka sa sunan mai shi. In na kuɗi ne ya faɗo maka a zaure, kada ka tura gaba. Ɗari biyar ɗin ba ta kai kuɗin datar da kake ƙonawa a mako ba. Ɗalibanmu na Hussaini Adamu Federal Polytechnic da na jami'ar fasaha ta Babura kuma, zaman sharhin littafi sau ɗaya a wata bai fi ƙarfinku ba, aji ɗaya da kujeru sun isa.

Allah Ya sa mu dace, Ya hana mu cin gumin wani.