Ba Kowane Kumburin Ciki Ne Juna Biyu Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in faɗa wa 'yan'uwa abin da ya sami gidanmu, ko wani ya tsira da shi.

Ina da ya wadda ke aure a Rabah, ta ba hamsin baya, jinin al'ada ya ɗauke mata tuni. Bara waccan sai cikinta ya dinga kumbura, in ta ci loma uku sai ta ƙoshi, ga ciwon mara, ga yawan fitsari. Waɗansu suka ce kwantaccen ciki ne ya tashi, waɗansu suka ce sammu. Har Goronyo na tafi neman saiwa. Muka ɓata wata takwas a kan haka, ni da ake kira malamin makaranta ban ce a tafi asibiti ba.

Da abin ya ci tura muka kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Aka ɗauki hoton cikin, aka auna jini, aka ɗebi ruwan cikin aka duba. Likita ya ce ciwon daji ne na ƙwan mace, watau 'yan jakunkuna biyu da ke gefen mahaifa. Ya ce cutar mataki huɗu gare ta. Nata ya kai na uku, watau ya bazu cikin ciki, shi ne ke tara ruwan. Na huɗu shi ne wanda ya kai wurare masu nisa kamar huhu.

Maganinsa hanya biyu ne a haɗe. Ta farko aiki, a cire mahaifa da ƙwan duka biyu da duk tsiron da ido ya gani. Ta biyu magani ta jijiya, ana sa shi kowane mako uku har sau shida. Yayata an fara mata da sau uku don tsiron ya ƙanƙance, sa'an nan aka yi aikin, aka cika sauran. Gashinta ya zube, ta sha amai da kasala, amma gashin ya komo. Albasar fadamarmu ta shekara guda da shanu biyu duk suka tafi.

Yanzu ta sami sauƙi, alhamdu lillahi, sai dai likita bai ɓoye mana ba, ya ce irin wannan ya kan komo, saboda haka tana zuwa awo a kai a kai. Masana sun ƙiyasta a 2022 mata fiye da 320,000 suka kamu da shi a duniya, fiye da 200,000 suka rasu, don galibi ba a gane shi sai ya yi nisa. Wani lokaci kuma gadonsa a kan yi.

To, malamai da ma'aikata, ku ke karanta wa jama'a jarida. In mace ta yi makonni tana kumburi da saurin ƙoshi, ku kai ta a duba tun da wuri. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, amin. Haza wasalam.

Wani malamin makaranta, Wurno.