Tamburawa: Inda Ruwan Kogi Ke Zama Ruwan Sha

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano zai ratsa Tamburawa, a ƙaramar hukumar Dawakin Kudu. Daga kan gada ana hango kogi jajawur da laka, musamman da damina. A gefensa matatar ruwan Tamburawa take, wadda aka gina don tace lita miliyan 150 a kullum. Mu ɗaliban jami'a mun je can da tambaya guda: ruwa nawa ake kashewa kafin a samu kofi ɗaya na ruwan sha?

Aikin hawa-hawa ne. Injuna na janyo ruwa daga kogi, a zuba masa alam don laka ta dunƙule ta kwanta. Sai ya ratsa matatar yashi, a sa masa sinadarin kulorin da ke kashe ƙwayoyin cuta, sannan a tura shi gari.

To, ina ruwan ke salwanta? Yashin nan yakan toshe, kuma da tataccen ruwa ake wanke shi. Lakar da ake kwashewa ma da ruwa take fita. Masana'antar da ta yi alam ta sha nata ruwan. Wutar da ke juya injuna, idan daga madatsa irin Kainji ta fito, rana ta riga ta ƙafar da wani kaso a tafkin.

Wannan lissafi shi ake kira sawun ruwa, wanda wani masani ɗan ƙasar Holan, Arjen Hoekstra, ya fito da shi a 2002. Kashi uku ne: shuɗi, wato abin da aka ɗiba daga kogi ko rijiya bai koma ba, kore, ruwan saman da shuka ta sha, sai mai ruwan toka, wato yawan ruwan da zai narkar da ƙazantar da aka zubar har ta daina cutarwa. Matatar da sawunta ya fi ƙanƙanta ita ta fi tausaya wa kogi.

Kogin kuwa ba na Kano kaɗai ba ne. Yana gangarawa Wudil, ya wuce Haɗeja har fadamun Nguru, inda manoma da masunta da makiyaya ke jiransa.

Don haka ƙannenmu, idan kun ga famfo na ɗiga a makaranta, ku tara kwanon sha ku duba minti nawa zai cika, ku lissafa asarar yini guda, ku kai wa malamin kimiyya. Abin da ya bar kogi dominsa ya fi wanda kuka auna yawa.