D7 Guda Ɗaya Ce Ta Zaunar Da Ni A Gida Shekara Biyu

Yau rubutun da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, wataƙila akwai wani a gidanku da zai amfana.

Shekaranjiya da dare ina hostel a nan Gidan Waya, ƙanwata ta kira ni tana kuka. Sakamakon WAEC ya fito, tana da kiredit shida, amma Lissafi D7. Wai ita shi ke nan, ta haƙura da boko. Wallahi sai na ji kamar ni ne nake magana shekarun baya.

Ni ma D7 ce a Lissafi ta kayar da ni. Abokaina suka wuce, wani Zariya, wani Kaduna, wani Jos, ni kuwa na koma yin acaɓa a Kafanchan. In na hango ɗan ajinmu ya dawo hutu, sai in ja hula in canja hanya. Ana cikin haka a 2023 cuta ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna, gonar Baba ma ba ta tsira ba. Wa zai buɗe baki ya ce a sake biya masa kuɗin jarrabawa a irin wannan shekarar?

Wani tsohon malaminmu ne ya hau mashin ɗina wata rana. Da muka isa ya ce, “Kai, har yanzu kana nan?” Na ce, “Malam, Lissafi ne.” Ya zaunar da ni a bakin hanya ya faɗa mini abin da zan faɗa muku yanzu.

A wancan lokacin kiredit biyar ake nema, ciki har da Turanci da Lissafi, kuma yawancin makarantu suna karɓar zama biyu. Ma'ana za ka iya haɗa WAEC ɗinka da NECO, ko da wata WAEC ɗin. Ba sai ka koma SS3 ka sa yunifom ba. Akwai jarrabawar masu zaman kansu, wadda muke ce wa GCE: NECO tana yin tata wajen Nuwamba da Disamba, WAEC kuma tana da ta ƙarshen shekara, sannan tun 2018 ta ƙaro wata a farkon shekara. Tun 2024 ma ta fara yi wa masu zaman kansu da kwamfuta, don haka a koyi taɓa ta tun da wuri. Sai dai a kula, wasu jami'o'in, musamman a fannin likitanci, zama ɗaya suke so. A duba kafin a cika fom.

Da kuɗin acaɓa na yi adashi na biya NECO. Kullum bayan sallar isha'i ina kan tambayoyin shekarun baya, wata huɗu cur. Na samu C5. Ba abin a buga ganga ba ne, amma ita ce ta kawo ni kwalejin nan.

Akwai wanda ya ce in kawo kuɗi ya kai ni irin cibiyoyin nan da ake rubuta wa mutum amsa a allo. Na yi tunanin zuwa, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da ya hana ni, na ga waɗanda aka riƙe musu sakamako, ba kuɗin ba takardar. Kuma mu da za mu zama malamai, da wane ido za mu kalli yara gobe?

Abin da ya fi damuna 'yan mata ne. Namiji in ya faɗi, a ce ya sake gwadawa. Mace kuwa sau da yawa faɗuwa ɗaya, sai a fara maganar aure ko a tura ta aikatau birni.

Ga roƙona gare mu. Hutun nan kowa ya nemo yaro ɗaya ko yarinya ɗaya a unguwarsu da darasi guda ya tsayar. 'Yan sashen Lissafi da na Turanci, awa biyu a sati ba za ta rage ku da komai ba, ko a harabar coci ce ko a zauren mai unguwa. Dama koyarwar muka zo koya.

Ni dai na fara da ta gida. Na ce wa ƙanwata ta share hawayenta ta nemo tsofaffin littattafaina a ƙarƙashin gadon Mama, ranar Asabar ina tafe.