Waya Ta Bi Ta Ƙofarmu, Ba Ta Yi Mana Sallama Ba

Rubutun wannan makon daga layinmu ya fito, mu masu 'yan shaguna a bakin titi: mai POS, da tela, da mai kafen da ke yi wa yara rajistar jarrabawa, da mai shayin da muke taruwa a teburinsa bayan Isha'i.

Sau uku ana haƙe ƙofar shagunanmu cikin 'yan shekarun nan. Lebura su zo da diga da shebur, su tsaga rami tun daga kan kwana har bakin masallaci, su binne wayar faiba, su mayar da ƙasa sama-sama, su tafi. Damina na zuwa wurin ya lotsa. Kafin mu gama cikewa da ɓaraguzai, wani kamfanin ya iso da nasa leburan, ya haƙa nasa ramin a gefen na farko. Da muka tambayi shugaban aikin ko za a ja mana wayar cikin shago, sai ya ce, "Alhaji, wannan wucewa za ta yi." Haka kuwa aka yi.

Ba mu san muna da rabo a cikinta ba sai ranar da katafilar masu gyaran magudanar ruwa ta tsinke ta. Sabis ya ɗauke tun hantsi har washegari. Mai POS ya wuni yana ba mutane haƙuri, wata baiwar Allah ta koma gida ba ta ciri kuɗin maganin ɗanta ba, mai kafe ya sallami yaran da suka zo rajista. A ranar muka gane cewa dogayen ƙarafan sabis da muke gani, da yawansu wannan wayar ce ke haɗa su da sauran duniya. Direban katafilar ya rantse ba wanda ya gaya masa akwai wani abu a wurin, mu kuma mun yarda da shi.

Shi ya sa idan muka ji manya a rediyo suna alƙawarin mayar da gari "simat siti", da kyamarori da fitilun hanya masu aiki da kansu, sai mu kalli juna. Duk waɗannan na'urori a kan waya suke hawa. Garin da bai san me ke binne a ƙarƙashin titinsa ba, da me zai fara?

Ɗaya daga cikinmu mai yawan karance-karance ne, shi ya ba mu labarin Sitokholm, babban birnin Suwidin. A 1994 hukumar birnin ta kafa kamfaninta mai suna Stokab. Aikinsa ya shimfiɗa faiba, sannan ya ba da hayarta ga duk kamfanin da ke so, a kan sharaɗi iri ɗaya. Shi ba ya sayar wa gidaje intanet. Kamar dai kasuwa ce: hukuma ta gina rumfuna, 'yan kasuwa su kama haya su yi gogayya a kan farashi. Ba sai kowa ya fasa titi da kansa ba.

Ya kuma kawo mana Catanuga, a jihar Tenesi ta Amurka. Can kamfanin wutar lantarki mallakar birnin ne, EPB, ya ja faiba zuwa gidajen da yake ba wuta, kuma a 2010 ya fara ba da intanet mai gudun gigabit ɗaya. Wayar nan ita ce ke haɗa na'urorin da ke kan layukan wuta, ta yadda idan itace ya faɗo wa wani layi, su karkatar da wutar ta wata hanya da kansu. Da muka ji wannan, tela ya ce shi ko rabin haka aka yi masa ya gode.

Mu ma a nan ba a zaune ake ba. An daidaita a kan naira 145 kowace mita a matsayin kuɗin izinin binne waya, a 2020 Ekiti ta sauko da nata zuwa haka, Kaduna kuma ta yafe shi baki ɗaya. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Amma sauƙin izini bai hana a haƙa wuri ɗaya sau uku ba, doka kuma ba ta nuna wa direban katafila inda waya take.

Mu ma da namu laifin. Mun taɓa zuba ido samarin unguwa suka tsayar da lebura sai an ba su "na goro". Mun kuma ga 'yan jari bola sun tono wani yanki suna zaton tagulla ce, alhali zaren gilashi ne siriri kamar gashi, ba mai saye ko a kwabo. Kowa ya ce ba tasa ba ce, har ranar da ta tsinke.

Yanzu mun rubuta takarda, mai unguwa ya ce zai kai gaba. Abu uku muka roƙa. Duk lokacin da za a yi sabon titi, a binne bututu tun kafin a zuba kwalta, kowane kamfani ya zura wayarsa ya biya haya. A ajiye taswirar abin da ke ƙasa, kada ɗan kwangila ya sa katafila sai ya duba ta. Sannan in waya za ta bi ta unguwa, a sa sharaɗin a ja reshe zuwa firamare da asibitin sha-ka-tafi.

Ko za a saurare mu, Allah masani. Ku da ke wasu garuruwan, sau nawa aka haƙe naku layin, kuma wa ya cike ramin? Allah Ya sa mu dace.